Tambaya: gangarawa kudu daga Norfolk da jirgi mai filafilai a tsakiyar hunturu

Baƙon Teku ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar ruwan nan ta cikin gida da ta bi gaɓar gabashin Amurka, wadda ake kira ICW. Jirgin mai filafilai ne, tsawonsa ƙafa 34, gindinsa na shiga ruwa ƙafa 5, jigon filafilin kuma ƙafa 49 ne daga fuskar ruwa har kan eriya. Injinsa Yanmar 3GM30F, tankin dizal lita 95, batiran gida masu ruwa guda biyu, jimlarsu amfiya-awa 200. Babu hita a ciki sai murhun girki mai gas. Mu biyu ne za mu tuƙa.

Niyyar ita ce mu tashi daga Norfolk ta jihar Bajiniya a makon ƙarshe na Disamba, mu kai shi Fernandina Beach a bakin iyakar Fulorida. Na san masu yin wannan tafiya galibi a Oktoba da Nuwamba suke wucewa, to amma dama ba ta samu ba sai yanzu. Shin abu ne mai yiwuwa? Kwana nawa za mu ware? Wace hita ta dace, kuma me sanyi ya fi saurin lalatawa a jirgi? Wanda ya san wani abu ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Mai Taswira ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ana yi, kuma jirginka ya dace da hanyar. Gadojin da ba sa buɗewa an gina su ne da sararin ƙafa 65 a ƙarƙashi, sai ta Wilkerson a Karolina ta Arewa mai 64, don haka batun jigo ka cire shi daga ranka. Abubuwa biyu ne za su riƙa juya ka: gajartar yini da iskar arewa.

Mu fara da lissafi. Alamomin nisa na wannan hanya da mil na ƙasa aka ƙirga su, ba na teku ba. Norfolk ce mil 0, Fernandina kuma mil 717. Jirginka a kan inji zai riƙa yin not 5, wato kusan mil 5.75 a awa. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Norfolk wajen ƙarfe 7:15, ta faɗi kafin 5:00 na yamma, hasken bai cika awa goma ba. Ka cire jiran gada, ka cire awa ɗaya da rabi na neman wurin kwana tun da sauran rana, abin da zai rage maka awa bakwai ne, mil 40 ke nan. Kwana 18 na tafiya zalla. Amma a hunturu kusan duk kwana uku sai yanayi ya cinye maka ɗaya, saboda haka ka ware wata guda zuwa mako biyar. Wanda ya ɗaure kansa da ranar isa shi ne yake fita a ranar da bai kamata ba. Tsarin yini kuwa mai sauƙi ne: a yi asuba, a sha shayi, a ɗaga anka da gari ya fara wayewa wajen 6:50, a sake ta da la'asar sakaliya. Kada ka yi tafiyar dare a cikin hanyar nan, akwai kututture, da tarkon kaguwa, da alamomin da ba su da fitila.

Daga Norfolk hanya biyu ce. Ta Dismal Swamp tsohon mashigi ne da aka haƙa aka buɗe tun 1805, ƙofofin ruwa biyu gare shi, wato wuraren da ake rufe jirgi a ɗaga ko a sauke ruwan da yake kai, Deep Creek da South Mills, sau huɗu kacal suke buɗewa a yini, zurfinsa kuma ƙafa 6 ne. Yana da kyan gani, amma ni ba zan ba ka shawararsa a hunturu ba. Ruwansa ba gishiri, ba ya gudu, bishiyoyi sun yi masa inuwa, shi ne farkon daskarewa kuma shi ne ƙarshen narkewa. Ka bi ta Great Bridge: ƙofar ruwa ɗaya ce a wajen mil 11, sai Coinjock a mil 50 inda za ka sami dizal da wutar lantarki. Manyan jiragen dako suna bin nan, idan ƙanƙara ta kwanta su ne masu fasa ta.

Yanzu iska. Sanyin wannan gaɓa zuwa yake yi kashi-kashi, duk kwana uku zuwa biyar. Alamarsa ɗaya ce kullum: iska ta juya ta kudu maso yamma, gari ya ɗan yi ɗumi, ma'aunin nauyin iska ya yi ta sauka, a yi ruwan sama, sai kwatsam ta koma arewa maso yamma da ƙarfi, zafin gari ya zube cikin 'yan awanni. Daga nan ta zagaya arewa, ta koma arewa maso gabas tana lafawa. Ranar da ta juya da washegarinta a ɗaure za ka yi su, kwana biyu ko ukun da ke biye su ne naka. Wurin kwanan da ya kare ka da yamma daga iskar kudu zai iya zama fili fetal da ƙarfe biyun dare, don haka ka zaɓi wurin da ke da tudu ko kurmi ta arewa maso yamma, ko da a lokacin saukarka iskar ba daga can take ba. Ka kuma sani iska mai sanyi ta fi nauyi: a digiri sifili na ma'aunin Celsius ta fi ta digiri 30 da kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma kaɗawarta fizge-fizge ne. Ka rage filafili tun kafin ka bar wurin kwana, yatsun da suka sandare ba sa iya wannan aikin a tsakiyar ruwa.

Wurin da ya fi buƙatar haƙuri shi ne Albemarle Sound, wani faffaɗan ruwa a Karolina ta Arewa. Tsallakawar wajen mil 14 ce, ruwan ba zurfi, shi ya sa igiyarsa gajeru ne masu tsini, suna dukan jirgi a jere ba hutu. Idan hasashen iska ya wuce not 15 zuwa 20, zauna. Gadar Alligator River da ke mil 84 ma ba ta buɗewa idan iska ta yi tsanani, ga shi babu mafaka ta kirki kusa da ita ta arewa. Haka Pamlico da kogin Neuse kafin Oriental a mil 181. A wannan yanki ba wata ne ke ɗaga ruwa yana sauke shi ba, iska ce. Idan ta arewa ta yi kwana biyu tana busawa, takan kwashe ruwan Currituck da Coinjock ta tara shi can kudu a Neuse, sai ka tarar zurfin ya gaza abin da taswira ta ce da ƙafa ɗaya ko biyu.

Alamomi: a jikin kowace alamar hanyar akwai ɗan tambari ruwan ɗorawa. Kana tafiya kudu, mai kusurwa uku ka bar shi a hannun dama, mai kusurwa huɗu a hagu, ko da wane launi ne jikin alamar. Nan mutane suke rikicewa idan hanyar ta ratsa wani kogi mai nasa alamomin. Masu gadoji ana kiransu da oba-oba a layi na 13 a Bajiniya da Karolina ta Arewa, daga Karolina ta Kudu zuwa Fulorida kuma layi na 9. Layi na 16 na neman agaji ne, a bar shi a kunne. Kuma lallai ka karanta sanarwar mako-mako da rundunar tsaron gaɓar teku take fitarwa ga matuƙa, domin hunturu ne lokacin gyaran gadoji da ƙofofin ruwa, wata sai a rufe ta kwanaki. A wajen mil 235 zuwa 240 hanyar ta ratsa sansanin sojan Camp Lejeune, idan suna atisayen harbi sukan tare ta na wasu awanni.

Makanikin Jirgi ya rubuta:

Malam Baƙo, sannu da ƙoƙari. Yallaɓai Mai Taswira ya gama da hanya, bari in shiga cikin jirgin.

Kada ku tashi ba hita, kuma ba kowace iri ba. Wadda ta dace ita ce ta dizal mai hura iska, wadda take ƙona manta a rufaffen gida ta fitar da hayaƙin waje, irin na Webasto ko Eberspächer. Ƙarama mai kilowat 2 tana shan lita 0.12 zuwa 0.24 a awa, za ta riƙe falo da ɗakin kwana ɗaya. Ga jirgi mai ƙafa 34 da ba a yi wa bangonsa rufin sanyi ba, mai kilowat 4 ta fi, amma kada ka wuce haka. Hitar da ta fi ƙarfin ɗaki kullum a ƙaramar wuta take aiki, ƙaramar wuta kuma ita ke tara baƙin toka a ciki har ta daina kamawa. Maganinsa a buɗe ta ƙarshe na minti 20 zuwa 30 kowace rana.

Wajen ɗaurawa ga inda ake kuskure. Salansar da ke zuwa da masu araha ta mota ce, akwai ɗan rami a ƙasanta na zubar da ruwa. A mota ramin yana waje, a jirgi kuwa cikin ɗaki zai riƙa tsiyayo hayaƙi. Sai ka sayi ta jirgi mai rufaffen walda. Bututun hayaƙin ya fita ta bayan jirgi, ya yi lanƙwasa sama kamar wuyan raƙumi kafin ya sauka zuwa mafita don kada igiyar ruwa ta shigo, a kuma naɗe shi da ƙyallen da ba ya cin wuta, domin yana zafin da zai narkar da tiyo ko igiyar da ta taɓa shi. Man kuma kada ka haɗa shi da layin inji. Ka zura masa nasa siririn bututu a tanki, ya tsaya kamar kashi ɗaya cikin huɗu sama da gindin tankin, yadda hita ba za ta shanye man da inji zai tashi da shi da safe ba. Ƙaramin famfon mai a kafa shi a karkace, bakin fitarsa na kallon sama, in ba haka ba kumfar iska ta maƙale a ciki. Sannan kada a kashe ta daga babban makunnin batir. Tana buƙatar 'yan mintoci fankarta na juyawa ta huce, wanda ya yanke mata wuta da zafinta yana ƙona mata kayan ciki.

Lissafin mai: injinka na shan kusan lita 2 a awa, awa takwas lita 16, hita ta ƙara 3 zuwa 5. Lita 20 ke nan a yini, tankinka kwana huɗu ne da ɗan ragowa. Ka ɗauki jarka biyu masu lita 20, domin wasu matsayan jirage a arewacin hanyar suna rage lokacin aiki a hunturu. Matsayan nan su ake kira marina a can, kada wani ya zaci wurin rini ne. Da yawansu kuma suna rufe famfon ruwan kan gadar da ake ɗaure jirage don kada bututu ya fashe, saboda haka duk inda ka sami ruwan sha ka cika tanki, kuma ka buga waya kafin ka isa.

Dalilin da ya sa na nace a kan hita mai fitar da hayaƙi waje shi ne danshi. Kilo ɗaya na gas idan ya ƙone yana sakin ruwa kilo 1.6 a cikin iska. Ƙara numfashin mutum biyu da tururin tukunya. Duk wannan ruwan yana sauka a kan abin da ya fi sanyi: bakin tagogi na ƙarfe, bangon da ke bayan kabad, da ƙarƙashin katifa. Ɗaga katifar ɗakin gaba bayan kwana uku za ka ga katakon ya jiƙe sharkaf, bayan mako biyu fumfuna ta yi baƙi. Ka shimfiɗa raga mai kauri ko siraran katakai a ƙarƙashinta, ka jingine ta a tsaye kowace safiya, ka bar ƙofofin kabad a buɗe. Hita ta riƙa jan iskarta daga waje, ka kuma bar tagar sama a buɗe faɗin yatsa biyu. Mutum zai ga kamar asarar ɗumi ce, amma busasshen ɗaki mai digiri 15 ya fi jiƙaƙƙe mai digiri 20 daɗin kwana.

Batir mai ruwa yana rasa kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinsa a digiri sifili. Cikin 200 ɗinka rabi ne na amfani, sanyi ya mai da shi 80. Hita na jan amfiya 8 zuwa 10 na 'yan mintoci wajen tashi, sannan 1 zuwa 3 tana aiki, dare guda wajen 30 ke nan. Zai ishe ku muddin kuna tuƙi kullum, amma kwana biyu a kan anka sai an tayar da inji. Idan wayar da ta je hita siririya ce, wutar za ta faɗi a daidai lokacin tashi, ta mutu, ka yi ta zargin hita alhali waya ce. Wanda ya koma batirin lithium kuma ya sani ba a cajinsa ƙasa da digiri sifili. A marina, layin wuta mai amfiya 30 ne. Hitar lantarki mai wat 1,500 tana jan 12.5, guda biyu 25, sun riga sun haura abin da layin zai ɗauka dare guda. Filogin da ke jikin jirgi shi ne yake fara zafi. Ka taɓa shi bayan awa ɗaya, in ya yi ɗumi ko bakinsa ya yi launin ƙasa, canja shi.

Inji: 3GM30F ba shi da abin ɗumama silinda, don haka safiyar sanyi gardama yake yi. Yana da 'yan sanduna a kansa na sassauta matsi. Ɗaga su, juya injin ya ɗauki gudu na daƙiƙa biyar, ka mayar da su yana cikin juyawa, maƙurar mai tana rabi. Ga abin da ke kashe inji: duk lokacin da kake juya shi bai tashi ba, famfo yana ta zuba ruwan teku a tukunyar salansa, babu hayaƙin da zai tura shi waje. In ta cika, ruwan ya koma cikin silinda. Idan jimlar juyawa ta kai daƙiƙa 30 bai kama ba, rufe bawul ɗin shigar ruwa, ka buɗe shi nan take da ya tashi. Ka tafi da robar famfon ruwa guda biyu, sanyi na sa fikafikanta su karye, da filtar mai guda uku, da bel. Gas ɗin girki kuma ya zama furofen. Butan ba ya tashi daga tukunya da zarar sanyi ya kai sifili, furofen kuwa sai digiri 42 ƙasa da sifili.

Hajiya Nas ta rubuta:

Sannunku da aiki. Ɗan'uwa, abu biyu ne suke kashe mutane a irin wannan tafiya, kuma duka biyun ba sa ba da sanarwa.

Na farko hayaƙin da ba a gani, ba a jin warinsa. Mun san shi a gida: lokacin hunturu a shiga ɗaki da kaskon garwashi ko a kunna janareta a rufe ƙofa, da safe a tarar da mutane ba sa motsi. Cikin jirgi ya fi kowane ɗaki ƙanƙanta da toshewa. Kada a kunna murhun girki don jin ɗumi, kada a shigo da gawayi ko da ya zama ja. Ka sa na'urar ƙararrawa ta wannan hayaƙi guda biyu irin na jirgi, ɗaya a falo ɗaya a wurin kwana daidai tsayin kan mai barci, ka duba ranar ƙarewar aikinsu a baya. Idan ku biyun kuka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, ku fita sarari tukuna, bincike ya biyo baya. Rumfar leda da ake zagaye wurin tuƙi da ita tana da amfani ƙwarai, amma idan iska na biyo ku daga baya takan tara hayaƙin inji a ciki, a bar gefe ɗaya a buɗe.

Na biyu faɗawa ruwa. A Janairu ruwan Karolina ta Arewa yakan sauka ƙasa da digiri 10. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da lamba uku, 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi yana ƙwacewa, mutum yana haki ba da sonsa ba, in kansa na cikin ruwa a lokacin shi ke nan. Sai minti goma da hannu da ƙafa suke da sauran amfani. Sai kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali, wannan kuma ga wanda rigar ceto ta riƙe ne. Ma'ana gwanin iyo ma ba ya kai awar nan in babu riga. A sa ta a kan duk sauran tufafi, kada a rufe ta da kwat, a ɗaura maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba sai ta haye kai. Mai hura kanta takan yi sanyin cika a irin wannan yanayi, a san inda bututun hurawa da baki yake.

Tambayar da za ku amsa tun kuna ɗaure ita ce: idan ɗaya ya faɗa, yaya ɗayan zai fito da shi shi kaɗai? Namiji da jiƙaƙƙun kayan sanyi ba ya ɗaguwa da hannu. Ku gwada da igiyar ɗaga filafili da abin naɗe ta. Tsanin baya ya kasance wanda ke cikin ruwa zai iya jawo shi da kansa. In an fito da mutum a kwantar da shi, a cire jiƙaƙƙun kaya, a ɗumama ƙirji da ciki da bargo, kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a tsayar da shi. In yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai sukari. A kira agaji a layi na 16 ko da ya ce ya warware. Yawancin faɗawa ba a tsakiyar guguwa take faruwa ba, a kan gadar marina ce da asuba lokacin da raɓa ta daskare a kan katako, ko wajen sauka ƙaramin kwalekwale.

Tufafi hawa uku: na jiki na ulu ko na roba, na tsakiya mai kauri, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, a ajiye ta sai Fulorida. Safar hannu kowa ya tanadi uku, domin igiya na jiƙa su. Ku riƙa karɓar tuƙi duk awa ɗaya. Da dare a cika fulas biyu da ruwan zafi, ɗaya na shayi, ɗaya a sirka na alwalar asuba, a kuma busar da ƙafa sarai kafin a mayar da safa.

Baƙon Teku ya rubuta:

Madalla, Allah ya ƙara sani. Hajiya, na gode, batun fito da mutum ban taɓa kawo shi a raina ba. Saura biyu. Wani ya ce daga Beaufort ta Karolina ta Arewa gara mu fita teku mu yanke, mu huta da laka da gadoji. Sannan idan aka yi hasashen daren da zai kai digiri 8 ƙasa da sifili muna kan hanya, me za mu yi kafin mu kwanta?

Mai Taswira ya rubuta:

Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, amma bai cika maka zancen ba. Daga Beaufort a mil 204 zuwa mashigar Masonboro kusa da Wrightsville kusan mil 70 ne na teku, awa 14 a gudunku, wato ko ku fita da duhu ko ku shiga da duhu. Ku wuce nan kuma sai kun zagaye tudun yashin Frying Pan da ya miƙe nesa daga Cape Fear. Daren hunturu awa 14 ne, ku biyu ne, wanda ya sauka daga tuƙi bai gama ɗumama ba za a tashe shi. Can waje kuma ruwan Gulf Stream arewa yake gudu, in iskar arewa ta ci karo da shi igiyar takan miƙe tsaye. A ganina ku zauna ciki har Charleston a mil 469. Daga nan in kun sami kwana biyu na lafiyayyar iska daga arewa maso yamma, kuna iya fita ta manyan mashigai masu alamomi kamar Charleston da St. Marys. Ƙananan mashigai ku bar wa 'yan gari.

In kun zauna ciki, lakar tana da magani. Wuraren da yashi ke taruwa sanannu ne: Lockwoods Folly wajen mil 321, Shallotte wajen 330, sannan a Jojiya akwai Hell Gate wajen 602, Little Mud River wajen 654 da Jekyll Creek wajen 683. Injiniyoyin sojan Amurka suna auna zurfin suna wallafawa, manhajar Aqua Map tana ɗora awon a kan taswira. A Jojiya tsakanin cikar ruwa da janyewarsa ƙafa 7 zuwa 9 ne, kuma ba daidai yake hawa ba. Raba shi kashi 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. In bambancin ƙafa 8 ne, awa uku bayan ƙarshen janyewa ka sami ƙarin ƙafa 4. A lokacin za ka shiga, ruwa na hawa, in ka kafe ya ɗaga ka. Wanda ya kafe ruwa na sauka zai kwana a karkace cikin sanyi, hitar ma ba lallai ta yi aiki a haka ba. Matsalar hunturu ita ce wani makon cikar ruwan da dare take faɗowa, sai ka haƙura da mil 20 a yini. Ku yi rajista da kamfanin janwe na ruwa, TowBoatUS ko Sea Tow, kafin ku tashi.

Sarƙar anka a lissafa ta da cikar ruwa. Zurfi ƙafa 10, ƙarin cika 8, tsayin goshin jirgi 4, jimla 22. Tsawon sarƙar ya zama wannan jimla sau biyar, ƙafa 110, daren iska sau bakwai 154. Ruwan kuma yana juya alkibla duk awa shida, a ja anka da inji a baya a tabbatar ta kama. Daga Karolina ta Kudu zuwa arewacin Fulorida, ranar da iska mai ɗumi ta hau kan ruwan sanyi hazo yakan rufe ko'ina har azahar, a jira shi.

Makanikin Jirgi ya rubuta:

Irin wannan dare yana zuwa. Ranar 3 ga Janairu 2018 dusar ƙanƙara ta haura inci 5 a Charleston, ruwayen Karolina ta Arewa da dama kuma suka daskare a makon. In ka ga hasashen, nemi marina mai wuta tun da rana, wadda ruwanta ke da gishiri kuma yana gudu. Ruwan teku sai kusan digiri 2 ƙasa da sifili yake daskarewa, na mashigin Alligator zuwa Pungo kuwa gishirinsa kaɗan ne.

Abin da ke ƙasa da fuskar ruwa ruwan ne ke ɗumama shi, na sama shi ne abin tsoro. Tiyon wanka na wurin tuƙi da famfon wanke anka su ne farkon fashewa: rufe bawul ɗinsu, buɗe bakinsu su tsiyaye, ko ka zuƙa musu maganin daskarewa mai ruwan hoda. Shi ne na bututun ruwan sha. Na radiyeton mota guba ne, kada ya kusanci tanki. Kashe famfon ruwan gida, buɗe kowane kan famfo ya huce matsi. Buɗe murfin ɗakin inji da ƙofar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ɗumin falo ya shiga. In za a bar jirgin ba kowa, rufe bawul ɗin ruwan inji, buɗe murfin matatar ruwa, ka riƙa zuba maganin inji na aiki har ka ga ruwan hoda yana fita ta salansa, lita 8 zai isa. Ka rataya takarda a kan makulli mai tuna maka bawul a rufe yake. Jarkokin dizal da ke sama a sa musu maganin hana kauri tun kafin sanyin, bayan man ya yi kitse ba ya jin magani.

Igiyoyin da suka jiƙe a shigo da na shigowa, sauran a kwance su daga ƙullin da ba dole ba, domin da safe sun zama sanda. Magudanan wurin tuƙi a tabbatar ba ganye a ciki. Da gari ya waye, in ƙanƙara ta yi fata a kan ruwa, ko siririya ce kamar gilashin taga, kada ka ratsa ta, tana yanka fentin jirgi daidai layin ruwa, gutsattsarinta kuma suna toshe matatar inji. Jira rana ta ɗaga ko jirgin dako ya wuce. Saman jirgi a watsa masa bokitin ruwan gishiri in sanyin ya sassauto kusa da sifili, in bai sassauto ba a bar shi, ƙara masa santsi za ka yi. Da inji ya tashi leƙa baya ka ga ruwa na fita tare da hayaƙi, in babu cikin daƙiƙa 20 kashe shi, akwai toshewar ƙanƙara a layin.